Tsohon lofe na gwanjo: bakin ya yi kore, ƙanzo ya cika ƙoƙon, ta ina zan fara gyara?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin lofe. Akwai wani lofen katako a hannuna, na gwanjo ne, mai ɗan lanƙwasa, an buga masa hatimin Saint-Claude a gefen wuya, wato hannun katakon da ya fito daga ƙoƙon. A ido katakon lafiyarsa ƙalau, amma ga abin da ke damuna.

Bakinsa, wato baƙin bututun da ake kamawa da haƙori, ya koma kore-kore mai ruwan ƙasa, yana da ɗaci a harshe, yana kuma warin ƙonanniyar taya. Akwai sawun haƙori biyu a ƙasansa kusa da ƙarshe, ɗaya ya yi zurfi. Ƙoƙon da ake zuba taba ya cika da ƙanzo har ƙaramin yatsa ba ya kaiwa ƙasa. Leɓen ƙoƙon ya yi baƙi ta baya. Sannan bakin ba ya kama wuya, in aka kifa lofen sai ya nemi zamewa. In aka ja iska babu taba, tsami ake ji.

Wani ya ce in jiƙa shi gaba ɗaya a ruwan zafi da omo, wani ya ce in naɗa zare ko salatif a ɗan hancin da ke shiga wuya don ya kama. Ban yi ko ɗaya ba. Da me ake farawa, kuma da wane kayan aiki, ganin cewa tsinken wanke lofe ma wuyar samu yake a kasuwanninmu?

Malam Kafinta:

Wa alaikumus salam. Madalla da ba ka bi shawarar nan biyu ba, ɗan'uwa. Ruwan zafi zai kumbura katakon, ya ɗauke masa rini, ya kuma ƙara fito da koren nan na bakin. Zare ko salatif kuwa tsaga wuya suke yi, domin katakon da ke kewaye da ramin bai fi kaurin milimita 2 ko 3 ba a yawancin lofe.

Hatimin Saint-Claude yana nuna na Faransa ne, wani gari a yankin duwatsun Jura da ya shahara da sassaƙa lofe tun tsakiyar ƙarni na 19. Katakon kusan tabbas biraya ne. Ba reshe ba ne, wani kulli ne da ke fitowa tsakanin saiwa da gindin wani tsiro na ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. Yana jure wuta ƙwarai, amma katako ne, yana sha yana fitar da danshi, kuma rabin matsalarka daga nan take.

Kafin komai, cire bakin a hankali ka duba ƙarshen wuyan da tocilan, in da gilashin ƙara girma ya fi. Goge wurin da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, domin tsaga siririya tana fitowa baƙa in ta sha ruwa. In akwai tsaga, kada ka yi komai don matse bakin sai an ɗaure ta. In babu, to sai a ci gaba.

A fara da ciki. Ƙanzo kariya ne ga katako, amma kaurinsa kada ya wuce milimita 1 zuwa 1.5. In ya yi kauri, shi da katakon ba sa buɗewa daidai idan sun ji zafi, sai ya tura bangon ƙoƙon daga ciki har ya dare. A lofen da wani ya riga ya sha, ni ina ganin a kankare shi har kusa da katako, don a ga abin da ke ƙarƙashi, a kuma rabu da ɗanɗanon tabar mai shi na da. Akwai makankara ta musamman, irin PipNet mai kawuna huɗu, ana farawa da ƙaramin kai a hau zuwa babba. In babu, nemi sanda mai santsi wadda ta fi ramin siranta kaɗan, ka naɗa mata samfefa mai lamba 180 ko 220, ka dinga juyawa kana zazzage ƙurar. Wuƙa mai tsini haramun ce a nan: tana huda ƙasan ƙoƙo, tana kuma mayar da da'irar leɓen ta zama ƙwai, abin da ba ya gyaruwa sai an ci katako mai yawa. In dole sai wuƙa, to mai zagayayyen kai, a kankara da ita a tsaye, ba yanka ba. Da ka ga ƙurar ta tashi daga baƙi ta koma ruwan ƙasa, ka taɓa katako ke nan, tsaya.

Tsamin da kake ji yawanci ba a ƙoƙo yake ba, a ramin wuya yake, inda ruwan hayaƙi ke taruwa ya daskare kamar kwalta. Abin da ke narkar da shi shi ne sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 zuwa 99 cikin 100, wanda masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi, ana kuma samunsa wajen masu sayar da kayan asibiti. Kada ka yi amfani da sifirit ɗin kemis ko tina ta masu fenti ko fetur. Ana zuba wa sifirit wasu sinadarai don kada a sha shi, suna barin ɗaci da wari a katako, wani ma da guba a ciki. Jiƙa tsinken auduga na goge kunne, ka goge ramin, ka jefar, ka ɗauki sabo. A tsohon lofe kana iya cinye ashirin ko talatin kafin ya fara fitowa fari. In dauɗar ta yi tauri a ƙarshen ramin, kankare ta da ɗan ƙaramin sukundireba mai faɗi wanda aka dakushe bakinsa. Ka kula kada sinadarin ya zubo bayan lofen, yana cire rini nan take. Riƙe wuyan yana kallon ƙasa, da tsumma a hannu.

Hanyar iska daga wuya zuwa ƙoƙo faɗinta kusan milimita 3.5 zuwa 4 ne. In ta toshe, ɗauki ƙarfen diril mai wannan kauri ko ƙasa da shi, ka juya da yatsu kawai, ba da inji ba, har kansa ya leƙo cikin ƙoƙon. Kada ya wuce ya yi rami a ƙasan.

Game da tsinken wankewa, na ainihi waya ce da aka murɗe da zaren auduga. Waɗanda ake sayarwa masu launi-launi don aikin hannu na yara ba auduga ba ne, ba sa shan ruwa, kuma gashinsu yana zuba a ciki. Madadin da ke aiki shi ne gashin fiffiken kaza da aka wanke ya bushe, da shi ake yi kafin a ƙirƙiro tsinken, ko kuma zaren auduga mai kauri a ja shi ta ciki da lilon kamun kifi. Tsinken tsintsiya ka bar shi, yana karyewa a lanƙwasa.

Sai batun sako-sako. Ka sani bayan wankin nan zai ƙara sakin jiki, domin dauɗar ce ke ɗan riƙe shi. Lofen da ya daɗe ba a sha ba, ga kuma hunturun nan namu da ke busar da ƙofa da kujera, dole ya saki. Mataki na farko shi ne a shafa ruwa kaɗan a bangon ramin da tsinken auduga, a bar shi minti goma, a gwada. Na biyu, a goga kakin zuma a hancin, siririn shafi, a sha lofen sau uku ko huɗu. Danshin hayaƙi da kansa yana mayar da kamun a mafi yawan lokuta. Sai in duk wannan ya gaza ake zuwa ga wuta, wannan kuma na bar wa masu aikin baki.

Leɓen da ya yi baƙi, gwada yawu a tsumma tukuna, ka goge da haƙuri. Sau da yawa kwaltar hayaƙi ce ta hau, ba ƙuna ba. In ƙuna ce ta gaske, shimfiɗa samfefa 220 a kan gilashi, ka kifa ƙoƙon a kai kana zagayawa, kana juya riƙonka don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Rabin milimita ya isa. Ka bi da 400 da 600.

Mai Ebonait:

Malam Kafinta ya gama da katako, bari in ɗauki baki.

Koren nan da warin taya sun riga sun gaya maka ebonait ne, wato roba da aka dafa da farar wuta mai yawa har ta yi tauri. Hasken rana da yawu da zafi suna sa farar wutar ta taso saman fata, ita ce ɗacin da kake ji. Ɗaya nau'in da ake yin baki da shi akirilik ne, wani filastik mai tauri, shi ba ya kore har abada, amma ya fi tauri a haƙori kuma ya fi saurin fashewa. Bambancewa na da muhimmanci domin maganin ɗaya yana lalata ɗaya. Mai shakka ya murza wurin da babban yatsa har ya yi ɗumi ya sansana, ebonait zai yi warin roba, akirilik ba ya warin komai.

Babu man da ke mayar da kore baƙi. Mai yana ɓoye shi ne na kwana biyu, ya dawo. Fatar da ta lalace sai an cire ta. Wanke cikin bututun da aisofurofil tukuna har tsinke ya fito fari, ka kankare kusurwoyin ɗan tsagin da hayaƙi ke fitowa da tsinken sakace. In akwai tambari a jikin bakin, harafi ko ɗigo, rufe shi da ɗan basilin. Sannan a jiƙa bakin shi kaɗai cikin ruwa mai ɗumi, ba zafi ba, kofi ɗaya da cokali ɗaya na garin wanki mai iskar oksijin irin OxiClean, na minti 30 zuwa awa 1. Zai fito ya fi da muni, fari-fari mai kaushi. Haka ake so, lalatacciyar fatar ce ta yi laushi. In ba a samu garin ba a tsallake, samfefa kaɗai tana yi, sai dai a ɗauki lokaci. Bilic kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan: yana cin saman robar ya bar ƙananan ramuka, yana share tambari, in kuma akwai ɗan ƙarfen alminiyum a hancin ya cinye shi.

Samfefa ta ruwa ake so, irin ta masu fentin mota, a wajensu ma za ka same ta. Fara da 600, in koren ya yi zurfi 400, kana tsomawa a ruwa. Ruwan zai dinga zuba ruwan ƙasa. Kada ka hau lamba ta gaba sai ka shanya bakin ka duba shi a hasken rana ka ga babu sauran kore, musamman a lungun da ke bayan ɗan tudun da haƙori ke kamawa. A nan kowa ke yin ha'inci, kuma a nan yake fara dawowa. Naɗa samfefar a ɗan siririn katako mai kusurwa don ta shiga lungun. Daga nan 800, 1000, 1500, 2000. Mai samun Micro-Mesh, wata samfefa mai laushi ƙwarai, ya ci gaba har 12000, zai yi ƙyalli ba tare da inji ba. Wanda bai samu ba ya ƙarasa da farin man goge haƙori a tsumman auduga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne goge kafaɗar bakin, inda yake haɗuwa da wuya, alhali an cire shi. Kusurwar sai ta zagaye, in aka mayar a ga rami a mahaɗar, kuma ba ya gyaruwa. Ko dai a goge wurin bakin yana jikin lofen an naɗe katakon da salatif na takarda, ko a huda ɗan faifan roba mai tauri a zura a hancin ya tare kusurwar. Hancin kansa samfefa ba ta taɓa shi, tunda naka ma sako-sako ne.

Sawun haƙori kafin gugar ƙarshe ake yinsa. Ebonait yana komawa siffarsa ta asali in ya ji zafi, saboda haka ƙaramin sawun yakan taso da kansa. Kunna laita, ka dinga wuce harshen wutar a kan wurin da sauri, gaba da baya, kada ta tsaya ko na daƙiƙa ɗaya. Yi sau biyar ko shida, ka duba, ka sake. In ka ji ƙauri ka makara, wurin ya ƙone, zai zama ruwan ƙasa mai burtsatsi. Tunda naka mai lanƙwasa ne, zura tsinke a ciki kuma ka tsare zafin a ƙarshe kawai, in tsakiyar ta yi zafi miƙewa zai yi. A kan akirilik ba a yin wannan sam, kumfa yake yi ya narke.

Mai zurfin ba zai taso duka ba, sai ciko. Kankare cikin ramin da samfefa 400 har ya yi baƙi tas, domin gam ba ya kama kore, ka goge da aisofurofil. Haɗa sufa gulu mai kauri da garin gawayi mai laushi ƙwarai, irin wanda ake samu cikin kafson gawayi na kemis, kamar kashi ɗaya na gari da kashi biyu na gam. Yana daskarewa da wuri, don haka a kwaɓa kaɗan a kan leda, a ɗiga da tsinken sakace. In ramin ya kusa hudewa, shafa basilin a ɗan kwali ko tsinke ka cusa a tsagin kafin ka ɗiga, in ba haka ba za ka toshe hanyar iska. Cikon ya ɗan fi saman tudu, domin yana shanyewa. Bar shi awa 24. Sannan magagari mai laushi, sannan samfefa. In ka ga fararen ɗigo a cikon, kumfar iska ce, ɗiga gam zalla a kai ka sake gogewa.

Daga ƙarshe ɗigo ɗaya na farin man farafin na kemis, a shafa a goge. Man gyaɗa da man zaitun suna yin ɗoyi, a bar su a kicin. Bayan kowane sha a goge bakin da busasshen tsumma, a ajiye lofen inda rana ba ta kaiwa. Lofen da ke kwana a gaban gilashin mota zai yi kore cikin makonni.

Faɗaɗa hanci da zafi, tunda an miƙo mini: nemi ƙarfen diril wanda gindinsa mai santsi ya fi ramin hancin da kamar milimita 0.2. Ɗumama hancin da na'urar busar da gashi ko a saman kyandir daga nesa kana juyawa, har ya ɗan yi laushi, ka tura gindin ƙarfen a miƙe, ka tsoma a ruwan sanyi, ka zare, ka gwada. Kaɗan-kaɗan. Masu danna kan hancin a tebur suna kumbura ƙarshensa ne kawai, sai ya kama a wuri ɗaya yana lilo a sauran, yana kuma iya karkacewa.

Dattijon Damagaram:

Sannunku da aiki, malamai. Abu biyu zan ƙara, ɗaya kuma ban yarda ba.

In bayan wankin Malam Kafinta ƙoƙon yana nan da warin tsohuwar taba, akwai jiƙo. Turawa sun saba cika ƙoƙon da gishiri mai tsakuwa su ɗiga sinadarin a kai. Yana aiki, amma gishirin leda na kasuwa laushi gare shi, yana shiga hanyar iska, kuma ana yawan danganta tsagewar wuya da wannan hanya. Auduga ta fi aminci. Cusa dunƙule biyu ko uku a ƙoƙon, ka murɗa wata ka zura a wuya, ka jingina lofen a cikin kwanon shinkafa ɗanya yadda wuyan zai ɗan ɗaga. Ɗiga aisofurofil da sirinji har audugar ta jiƙe, kamar mililita 3 zuwa 5, kada ya kai leɓe. Da safe za ka tarar ta koma ruwan ƙasa. A maimaita in da bukata, a bar lofen ya sha iska kwana biyu kafin a sa masa wuta. Wannan na biraya ne kawai. Farin lofen dutse na Turkiyya, wanda ake haƙowa a Eskishehir, ba a jiƙa shi, ba a kuma bari ya yi ƙanzo ko kaɗan, goge cikinsa ake yi da takarda bayan kowane sha.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne gaggawar faɗaɗa hanci a wannan lokaci. Lofen da aka matse shi daidai a tsakiyar hunturu, in damina ta sauka zai cije har a kasa cirewa, mai ƙarfin hannu kuma ya karya hancin a ciki. A yi haƙuri da kakin zuma har a ga yadda zai yi bayan an sha shi mako biyu. In ya cije wata rana, a sa shi a leda a firiza na rabin awa, a riƙe wuyan kusa da mahaɗa, a murɗa ta ɓangare ɗaya ana ja a hankali. Sannan a goga bakin fensir a hancin. Kuma kada a taɓa cire baki lofe yana da zafi, wannan ɗabi'a ita ke sa sako-sako tun farko. Wasu tsofaffin lofe, irin Kaywoodie na Amurka, bakinsu ɗauri ne na ƙarfe mai zare, kwancewa ake yi ba ja ba, sai a duba kafin a yi ƙarfi.

Wata magana a gefe, yaro. Wanki yana gyara ɗanɗano ne, ba ya rage wa taba illarta, kuma mai shan lofe takan kama shi a baki da leɓe da harshe. Gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, likita ake kai wa.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, Allah ya ƙara girma.

Malam Kafinta, na duba kamar yadda ka ce, kuma akwai tsagar. Siririya ce, a ƙasan wuyan, ta taso daga ƙarshe ta yi kamar milimita 7. In na tura bakin tana ɗan buɗewa. Bayan na rage ƙanzon kuma na ga wani wuri a bangon baya, kusa da ƙasa, ya ɗan lotsa, katakon wurin baƙi ne mai tsattsagewa, faɗinsa kamar ƙwayar wake. Ta waje babu alamar komai. Shin lofen ya mutu ke nan?

Malam Kafinta:

Bai mutu ba, duka biyun ƙananan gyara ne. Amma yanzu ka san dalilin sako-sakon, don haka ka manta da ruwa a rami da faɗaɗa hanci. Ɗaure tsagar kawai zai iya dawo da kamun.

Wanke tsagar da aisofurofil a tsohon buroshin haƙori, ka bar ta ta bushe kwana ɗaya, gam ba ya kama katako mai maiƙon taba. Nemo ainihin inda ta ƙare da gilashin ƙara girma, yawanci ta fi yadda ido ke gani tsawo. A daidai ƙarshen, huda ɗan rami da ƙarfen diril na milimita 0.5 zuwa 1, da yatsu, ba sai ya fasa ciki ba. Wannan ramin ne ke hana ta ci gaba. Shafa basilin a hancin, tura shi kaɗan don tsagar ta buɗe, ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa ya bi ta, ka zare bakin nan da nan, ka matse wuyan da yatsu minti biyu ko ka ɗaure da zare. Ɗan ramin ka cike shi da ƙurar katakon da ka samu wajen goge leɓe, da ɗigon gam a kai. Washegari ka goge da 600. Ka leƙa ramin wuyan, in gam ya tsiyaya ciki ka kankare.

Gam kaɗai ba zai riƙe ba, domin duk sanda aka sa baki ana buɗa wurin. Sai da zobe. A Turai ana sayar da su lamba-lamba, na nikel ko azurfa, amma a nan maƙeran fari masu yin zobba da awarwaro za su yi maka shi da kyau. Kai musu lofen su auna, su yi zoben daban, kada wuta ta kusanci katakon. Kaurin ƙarfen kamar milimita 0.3 zuwa 0.5, faɗinsa ya rufe tsagar duka ko akasarinta, naka milimita 8 ya yi. Cikinsa ya ɗan fi wuyan matsewa, yadda da hannu zai shiga kashi biyu cikin uku ya tsaya. Sai a ɗumama zoben, ƙarfen ya ɗan buɗe, a kifa wuyan a kan katako mai shimfiɗar tsumma a danna a miƙe har bakin zoben ya yi daidai da ƙarshen wuyan. Ba a bugawa da guduma. In ya huce zai damƙe. In hatimin yana kusa, gara a rage faɗin zoben da a rufe rubutun. Bayan haka sau da yawa bakin yakan yi matsi. Kada ka tilasta shi, goga fensir, in bai isa ba ka zagaya hancin da samfefa 600 sau biyu ko uku ka gwada. Hanci ake ragewa, ba rami ba.

Lotsawar cikin ƙoƙo farkon ƙuna ce, daga shan sauri ko shan lofe a cikin iska ko wutar laita mai feshi. Tunda waje bai yi duhu ba, bangon yana da sauran kauri. Kankare gawayin da ya yi laushi har ka iske katako mai tauri. Sufa gulu ba ya shiga cikin ƙoƙo ko kusa, wuta za ta ƙona shi ka shaƙa. Abin da ake cikawa da shi toka ce: farar tokar siga, wato tabar da ake naɗewa da ganye zalla, ita ta fi kamawa, in babu sai farar tokar lofe da aka tankaɗe. Rabin ƙaramin cokali, a ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo ana juyawa har ya yi kaurin kwaɓin gini. In yana ƙyalli ruwa ya yi yawa, zai tsage in ya bushe, a ƙara toka. Ɗan jiƙa wurin, zura tsinke ta wuya don hanyar iska kada ta toshe, ka danna kwaɓin sosai da bayan ƙaramin cokali ko gindin fensir. Ka bar shi aƙalla kwana uku, mako ya fi. A hunturu sa lofen a cikin kwali don kada ya bushe da gaggawa.

Sannan a shafa wa bangon duka siririn ruwan zuma da yatsa, a zuba garin gawayi, a toshe da tafin hannu a girgiza, a zazzage, a ba shi kwana biyu. Sha goma na farko rabin ƙoƙo za ka dinga zubawa, da ashana, kana ja a hankali. In bangon ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi a tafin hannu ka ƙirga shida ba, ajiye shi ya huce. Ka ba shi hutun yini guda tsakanin sha da sha har sabon ƙanzo ya rufe cikon.

Leɓen da ka goge zai fi sauran jiki haske. Rinin fata mai narkewa a sinadari, irin na masu aikin takalmi, shi ake sawa, a tsarma shi sosai, a shafa da tsinken auduga shafi ɗaya-ɗaya har launin ya zo daidai, domin ƙarawa na da sauƙi, ragewa kuwa sai an koma samfefa. Banish da man takalmi kada su taɓa shi, na farko yana kumbura ya ɓare da zafi, na biyu yana wari. Kakin karnauba ake gogawa, wani kaki mai tauri da ake samu daga ganyen wata bishiya, in babu shi kakin zuma kaɗan, a murje da tsumman auduga har ya daina danƙo a hannu.